Lambar Wuyan Toka

Tun da na dawo daga Dubai ba a bar ni na huta ba. A teburin mai shayi, a bakin masallaci, har a wurin gaisuwar mutuwa, sai wani ya matso ya ce, "Alhaji Mamman, wai da gaske ne da sabulu suke wanke titi?" Nakan yi dariya in kawar da zancen. Yanzu na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Karatuna bai wuce elementare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara. Amma mai son labarin dogayen benaye ya nemi wani. Na gan su, ban tsaya kallonsu ba. Ni da labarin kare na dawo.

Ba fatauci ne ya kai ni ba. Kayan keken ɗinki nake sayarwa a kasuwar Funtuwa, allura da bel da mai, kuma ba su taɓa kai ni gaba da Kano ba. Ɗan yayata ne, Nasiru, yake can. Ya yi shekaru yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani, har ranar da tukunyar gas ta fashe masa a fuska, idanunsa biyu suka tafi. Kamfanin bai kore shi ba, suka zaunar da shi yana amsa waya, tun da yana jin Larabci da Turanci. Sai shekarar nan da kasuwar duniya ta karye, kamfanin ya rufe, aka soke bizarsa, aka ba shi wa'adin barin ƙasa. Yaya Asabe ta aika aka kira ni.

Ta ce, "Mamman, kai ne ka taɓa shiga jirgi. Je ka ɗauko mini shi."

Na ce, "Yaya, hajji fa na je. A can kora mu ake yi kamar awaki, ba ni na san hanya ba."

Ta ce, "To ka je a kora ka. Ni dai ɗana."

Labari na fita, gidana ya cika. Kowa da saƙonsa. Uwargidana tana son abaya, surukina waya, limaminmu turare, maƙwabcina takalman yara har ya kawo tsinken tsintsiya da ya auna ƙafafunsu. Ban ce wa kowa a'a ba. Ina jin daɗin yadda ake zuwa ana durƙusa mini, kuma wannan jin daɗin shi ne farkon abin da ya biyo baya.

Motar da na shiga zuwa Kano ta tsinke bel a Dayi. Direba ya dube ni ya ce, "Alhaji, ba kai ne mai bel ba?" Na ce nawa na keken ɗinki ne. Ya ce to in zo in ɗinke masa wannan. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya muna cin rake har yaron mota ya dawo daga Malumfashi da wani. A filin jirgi na faɗa cikin ayarin mata 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya. Wata Hajiya mai haƙorin Makka ta ga ina juya fasfo a hannu, ta karɓe shi ta cike mini takardu, ta ce, "Baba, ka bi bayana, kada ka yi wa kowa magana." Haka na yi. Jirginmu ya biya ta Alƙahira, aka ajiye mu a wani dogon zaure mai sanyi kamar randa, aka ba mu burodi da wani farin cuku mai gishiri. Na ci burodin, na naɗe cukun a takarda, har yau ban san inda na bar shi ba.

A Dubai, kafin a buga maka hatimi, sai ka leƙa cikin wata na'ura ta ɗauki hoton ƙwayar idonka. Wani saurayi cikin farar jallabiya yana ta ce mini, "Hajji, buɗe, buɗe." Na buɗe har hawaye ya zo. Ina tsaye a wurin na tuna wanda na zo ɗauka, na ce a raina shi kuma me za su duba a ranar fita?

Wanda ya tarye ni wani dogon yaro ne riƙe da kwali an rubuta sunana. Ya rusuna ya gaishe ni da Hausa mai kyau. Sunansa Ishaku, Kirista ne mutumin Kagoro, a asibitin dabbobi yake aiki, kuma ɗakinsu ɗaya da Nasiru. Na tambaye shi me ya hana Nasiru zuwa. Ya ce, "Baba, sai mun je gida za ka gani."

Gidan yana bayan wata unguwa da ake kira Murakkabat, tsohon gini ne da aka yayyanka da katako, kowane lungu da mutane. Su ɗakinsu yana can baya kusa da tankin ruwa, da ɗan fili a gabansa. A filin nan na ga Nasiru zaune a kan kujerar roba, da baƙin tabarau. Ya yi ƙiba kaɗan, fuskarsa duk tabon ƙuna. A ƙafarsa kuma wani ƙaton kare ne kwance, ruwan toka, ya ɗora haɓarsa a kan takalmin yaron.

Na ja da baya har na taka ƙafar Ishaku.

Nasiru ya ce, "Kawu ne? Na ji ƙamshin goro. Matso, Toka ba ya cizo."

Na ce, "Nasiru, kare? A gidan da kake salla?"

Ya ce, "A waje yake kwana, Kawu. Zauna ka sha ruwa tukuna, faɗan ba zai gudu ba."

Ban zauna kusa da shi ba. Na rungume ɗan yayata ta gefe ina tattare rigata kada ta taɓa dabbar. Na san ya ji yadda na yi.

Da la'asar ta yi ya miƙe, ya ɗaura wa karen wani abu kamar linzami mai mariƙin ƙarfe a baya, ya ce mu je masallaci. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ce, "Bari, Kawu. Kai dai ka biyo mu." A lokacin ana haƙa hanyar jirgin ƙasa a Rigga, unguwar duk ramuka ne da shingen kwano. Na zuba ido. Karen nan in ya zo bakin titi sai ya tsaya cak, sai motoci sun yanke ya taka. In akwai tudu ko gangare, ya tsaya har sai ƙafar Nasiru ta taɓa wurin. Wani ya ajiye amalanke a kan hanya, ya kewaye da shi ba tare da rigar yaron ta goga ba. Ni mai ido biyu sau biyu ina tuntuɓe. A ƙofar masallaci ya kwanta can nesa a gindin wata bishiya, bai motsa ba har muka idar.

A hanyar dawowa Nasiru ya ba ni labari. Bayan hatsarin ya yi wata da watanni a ɗaki, ko ban ɗaki sai an kai shi. Ishaku ne ya zo da karen daga wurin aikinsu, wasu Turawa suka bar shi da za su koma ƙasarsu. Su biyu suka koya masa hanya, kullum bayan an tashi aiki. Da shi ya koma zuwa ofis da ƙafarsa, da shi yake sayen burodi.

Ya ce, "Kawu, ba na so in koma Funtuwa a riƙa ba ni yaro da sanda yana jana. In zan tafi, da shi zan tafi."

Na ce, "Uwarka ta sani?"

Ya ce, "Kai za ka gaya mata. Ai shi ya sa aka turo babba."

Kwanakin farko na sha kallo. Mutanen can ba sa gaisuwa irin tamu. Mutum zai shiga lifta ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kai, ko tari ba zai yi ba. Ɗaki ɗaya mutum takwas, gado bisa gado, wani na fita aiki wani na shigowa ya kwanta a gurbinsa. Shinkafarsu doguwa ce mai ƙamshi da yaji, na ci kwana biyu cikina ya ƙi, sai da Ishaku ya samo mini wata mata 'yar Maraɗi da ke tuƙa tuwo a wani bene a unguwar 'yan kasuwa ta Nayif. Shayinsu kuwa, wanda suke dafawa da madara a ba ka a kofin takarda, shi kaɗai nake kewa. Garin kuma a lokacin babu walwala. Ko'ina ka juya wani yana ɗaure kaya. Gine-gine sun tsaya rabi, ƙarafa a tsaye babu ma'aikata. Maigadin gidanmu, wani Ba'indiye, kullum sai ya nuna mini ɗakin da aka bari da hannu ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake korar karen. Mun tsayar da tasi, direba ya leƙo ya ga Toka, ya ce "Mamnu'u," wato an hana, ya ja motarsa. Mun je bakin ruwa za mu hau ƙaramin jirgin katako da ke tsallakar da mutane, mai jirgin ya ɗaga hannu biyu. A wani babban kanti mai gadi ya tare mu da ladabi, ya ce mu biyu mu shiga, kare ya tsaya. Nasiru ba ya gardama, sai ya juya kawai. Ashe shi ya sa duk rayuwarsa a can ba ta wuce inda ƙafa za ta kai shi ba.

A wuyan karen akwai wata 'yar lamba ta ƙarfe. Na tambayi Ishaku, ya ce ta baladiyya ce, wato hukumar gari. Duk mai kare sai ya kai shi an yi masa allura, an sa masa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, sannan a ba shi lamba, kuma duk shekara ana sabuntawa. Ta Toka wa'adinta ya wuce tun da aka fara rikicin kamfani.

Ina jin haka na ce, "Ai ga matsalar nan!"

Domin ni na san lambar kare. Muna yara, zamanin En'e, in aka yi shekarar haukan kare, 'yan doka kan zaga gari suna kashe duk wanda ba shi da lamba. Akwai wani maharbi a unguwarmu da ya biya wa nasa lasin. Karen nan da 'yar tagullarsa a wuya har cikin rumfar mahauta yake shiga, ba mai ɗaga masa sanda, domin an ce taɓa shi taɓa hukuma ne. Da wannan na girma. A wurina kare iri biyu ne, mai lamba da marar lamba, kuma mai lamba ba a tare masa hanya.

Nasiru ya ce, "Kawu, ko lokacin da take sabuwa haka suke kora ta mu."

Na ce, "Don ba ku san yadda ake magana da mutane ba ne. Ku yaran yanzu da an ce muku kai sai ku juya."

Ishaku ya gyara zama ya yi mini bayani a hankali, kamar mai tsoron kada ya ɓata mini rai. Ya ce, "Baba, abu biyu ne daban. Lambar nan abin da take cewa kawai, karen yana da mai shi kuma an yi masa allura. Karen gadi ma yana da ita, karen da madam take ɗauka a jaka ma yana da ita. In ya ɓata, da ita za a san na wani ne a dawo da shi. Amma a yarda cewa shi idon mutum ne, ya shiga inda kare ba ya shiga, wannan wata magana ce, kuma a garin nan ma ba a saba da ita ba. Balle jirgi."

Ya ce akwai hanya. Zai karɓo takardar likitan ido. Akwai kuma wata Baturiya mai horar da karnuka da ke zuwa asibitinsu, ta yarda za ta gwada Toka ta rubuta shaida. Amma dole a je ofishin kamfanin jirgi tun da wuri a gaya musu, su nemi izini daga can sama, har da na Alƙahira inda za a sauka. In sun ƙi, sai a yi masa akwati a sa shi a kargo, wannan ma da nasa takardun. Ko wanne ne, daga ofishin jirgi ake farawa. Shi kuma an rage ma'aikata a wurinsu, aikin mutum uku yake yi, ba ya samun fita da rana.

Na ce, "Ka kawo takardunka. Lamba da ofishin jirgi ku bar mini. Me na zo yi?"

Na fara da lamba. Ishaku ya roƙi direban motar asibitinsu ya kai ni da karen can bayan gari inda likitocin dabbobi na baladiyya suke. Ni da ban taɓa riƙe igiyar kare ba, ga ni zaune a benci tsakanin wata Baturiya mai kyanwa a kwando da wani Balarabe mai shaho a hannu. Toka ya kwanta a gefena, ya bar tazara tsakaninmu, kamar ya san ra'ayina a kansa. Aka yi masa allura, aka goga masa wata na'ura a wuya ta yi ƙara, aka miƙo mini sabuwar lamba tana ƙyalli. Ni da kaina na maƙala masa. Ranar ce na fara taɓa shi.

Washegari na ce wa Nasiru mu fita gwaji. Tasi ta farko da muka tsayar, wani dattijo ne Bafatane, mutumin Pakistan, mai jan gemu. Na kama lambar na nuna masa. Ya dubi yaron, ya dubi tabaransa, ya sauko ya shimfiɗa jarida a baya ya ce, "Yalla," wato mu shiga. Na dubi Nasiru na ce, "Ka gani?" Ya ce, "Kawu, mutumin kirki ne kawai." Ban saurare shi ba. Yanzu na san tausayi ne ya sa dattijon ya ɗauke mu, ko kallon lambar bai yi ba. Amma a ranar na ɗauka hujjata ce ta fito.

Ofishin jirgi kuwa na je. Ba zan ce ban je ba. Yana wajen wata unguwa da ake kira Fot Sa'id, a ƙasan wani bene. Na tarar da layi har waje, duk masu barin ƙasa ne, wasu da 'ya'ya a kafaɗa. Na tsaya, na tsaya, layi ba ya motsi. Ga takardu a ambulan a hannuna, ga kuma alkawari da na yi da wani ɗan Damagaram mai harkar kargo a Nayif, wanda zai raka ni sayen saƙonnin mutane. Na ce gobe na dawo. Na tafi Nayif.

Wanda bai shiga Nayif ba ba zai gane ba. Lunguna ne ƙunci, kaya har rufi, Hausa kake ji ta ko'ina kamar Kantin Kwari. Na shiga neman abaya na fito da jakunkuna. Na auna takalma da tsinken tsintsiya, masu shago suna dariya. Ɗan Damagaram ɗin yana ɗaure mini kaya na ba shi labarin karen. Ya tsaya da igiya a hannu, yana haɗawa da Faransancinsu, ya ce, "Alhaji, kare a cikin jirgi? Sa ne marsh pa, ba ya yiwuwa haka nan. Ka je ka ga mutanen jirgin, wallahi." Na ce masa an yi lamba sabuwa fil. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗaurinsa.

Goben ba ta zo ba. Kullum da saƙon da ya rage, kullum da wanda ya bugo waya daga gida ya ƙara nasa. In na tuna layin nan sai in ce a raina, ga lamba, ga takardar likita, ga ta Baturiya, wane ne zai ga makaho da wannan duka ya hana shi?

Ana saura kwana kaɗan Ishaku ya dawo a gajiye, ya durƙusa yana cire takalmi ya ce, "Baba, an je ofishin jirgin kuwa? Me suka ce?"

Na ce, "An gama komai."

Na faɗe shi da muryar da babba kan rufe magana da ita. Ya ɗago ya dube ni, na ga tambaya a bakinsa. Amma yaro ne mai tarbiyya, an koya masa ba a titsiye dattijo. Ya ce, "To, Baba. Allah ya saka." Nasiru ya sunkuya ya shafa kan karen ya ce, "Ka ji, Toka? Za ka ci ƙashin Funtuwa."

Ranar tafiya ita ce ranar ƙarshe ta wa'adinsa. Motar asibiti ta kai mu da hantsi. Tun daga ƙofa aka fara tare mu, Ishaku yana bayani, har muka isa kantar da ake auna kaya. Wata yarinya ce a wurin da ɗan kwali a wuya. Ta duba na'urarta, ta sake dubawa, ta kira wani babba. Suka yi magana da Nasiru da Turanci. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ga hannunsa ya ƙanƙame mariƙin nan.

Ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Kawu, sun ce ba a sanar da su ba. Babu komai a kan tikitina."

Na ture Ishaku na matsa gaba. Na zube ambulan a kan kanta. Na sunkuya na ɓalle lambar daga wuyan karen, na ɗaga ta a gaban fuskar mutumin, ina cewa da Hausa, "Ga ta! Ta hukuma ce! Sabuwa ce!" Mutane suka juyo suna kallo. Mutumin bai yi fushi ba. Ya karanta takardun duka, ya yi magana a hankali, Ishaku yana fassara mini. Ya ce lambar gaskiya ce, amma ta zaman gari ce. Takardun ma suna da kyau, da an kawo su ofis tun farko da wataƙila an dace. Izinin ba a hannunsa yake ba, kuma ba a bayar da shi a kan kanta. Kargo ma ba a yin sa ranar tafiya, babu akwati, babu takardar fita.

Na ce a ɗaga tafiyar. Ishaku ya ce, "Baba, in ya kwana yau ya zama mai laifi. Tara ce kullum, kuma ba shi da aiki." Sannan ya dafa Nasiru ya ce, "Ɗan'uwa, ku tafi. Na rantse zan turo maka shi ta kargo, ko albashina duka zai ci."

Nasiru ya koma ga karensa. Ya durƙusa a tsakiyar mutane, ya kwance linzamin da kansa, ya riƙe kan karen da hannu biyu ya daɗe yana gaya masa wani abu a kunne. Ya miƙa wa Ishaku igiya. Da ya miƙe sai ya tsaya, hannunsa na dama yana lalube a iska inda mariƙin yake zama. Na kama hannun na ɗora a kafaɗata. Muna tafiya muna jin karen yana kuka a bayanmu, irin siririn kukan nan, har muka shige. A wurin na'urar ido suka ce ya cire tabarau, suka duba, suka ce ya mayar.

A zauren Alƙahira na sa hannu a aljihu neman goro, na ji ƙarfe. Lambar ce. A cikin rikicin na jefa ta aljihu ban sani ba. Na dubi Nasiru, na mayar da ita. Na ce a raina, ai ba ta da amfani, na gani da idona.

Mun iso gida aka yi murna. Yaya Asabe ta yi kuka ta yi dariya. Masu saƙo suka zo kowa ya karɓi nasa, takalman yara duk sun yi daidai. Nasiru ya shiga ɗaki. An kawo masa yaro da sanda, ya ce a mayar. Abin da yake jira kawai waya.

Wayar ta zo ana saura kaɗan a yi sati biyu. Muna zaune a zaure, ya sa ta a fili don in ji. Muryar Ishaku a dashe. Ya ce an yi akwati, takarda ɗaya ta rage. Toka ya ƙi cin abinci tun da muka tafi. Shekaranjiya maigadi ya buɗe ƙofa za a fitar da kayan wani, ya sulale ya fita. Masu shago sun gan shi kwance a ƙofar tsohon ofishin Nasiru da aka rufe, daga baya an gan shi a gindin bishiyar masallaci, daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Shi Ishaku ya je wurin baladiyya inda ake tara waɗanda aka kama, da na'urarsu za su gane shi, amma ba a kai shi ba.

Ya ce, "Da lambar tana wuyansa, duk wanda ya gan shi zai san na wani ne, ya kira. Haka nan kowa zai ɗauka na bola ne. Na duba ko'ina ban gan ta ba. Baba, ko tana wurinka?"

Na tashi na shiga gida, na ɗauko ta daga aljihun rigar da na yi tafiya da ita, na dawo na buɗe tafin hannun Nasiru na sa masa. Ya shafa ta da babban yatsa, gaba da baya. Ya ce wa Ishaku, "Tana nan." Ya kashe wayar.

Ishaku ya ci gaba da nema har shi ma aikinsa ya ƙare ya dawo Kagoro. Ba a ga Toka ba.

Na jira Nasiru ya zage ni, bai yi ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ranar dai da aka kira la'asar ya sa lambar a aljihun gaba, ya miƙe ya ce, "Kawu, kai ni masallaci." Ya ɗora hannu a kafaɗata. Akwai wata kwata tsakanin gidan Yaya da masallaci, na saba tsallake ta tun ina saurayi, ba na ko ganinta. Na tsallake, shi ya zurma har idon sawu. Ya ciro ƙafarsa, ya tsaya yana karkaɗe ta. Ya ce, "Toka yakan tsaya a irin nan."

Na bar wa ɗana rumfa. Yanzu ni nake zuwa in ɗauke shi, salla biyar, da kasuwa ranar da yake so. Gwiwoyina sun fara ciwo, ban san iya shekarun da zan yi ina yi ba, shi kuma har yau bai yarda da yaro da sanda ba. Masu tambayata labarin Dubai, ku ne kuke ganinmu muna wucewa. In kun lura, duk lokacin da muka zo bakin kwatar nan nakan tsaya cak, sai ƙafarsa ta taɓa bakin, sannan mu tsallaka.